Ɓerayen Cikin Leda a Sent Luwis

Duk wanda ya taɓa buɗe rumbun da ɓera ya yi wa sheƙa ya san zarnin da ke tarbar mutum tun daga bakin ƙofa. A wannan ɗaki kuwa ga ɓeraye nan jere a kejinansu, suna ci suna sha suna guje-guje, amma hanci bai shaida komai ba sai ɗan warin maganin feshi. Kunne ne ke aiki, domin injinan hura iska ba sa hutawa dare da rana. Tebura ne dogaye, kowanne ɗauke da wani tanti na leda mai kauri, garau, a kumbure da iska. Daga jikin kowane tanti safar hannu dogaye sun miƙo waje, iskar ciki ta cika su. Kejinan ɓerayen suna can ciki, kuma mafi yawansu tun da aka haife su ko ƙwayar bakteriya ɗaya ba ta taɓa shiga jikinsu ba.

Wurin yana cikin Makarantar Koyon Likitanci ta Jami'ar Washinton da ke birnin Sent Luwis a jihar Mizuri, tsakiyar Amurka. Ba shi da wata alaƙa da Washinton babban birnin ƙasar sai suna. Sent Luwis na bakin kogin Misisifi, ƙasa kaɗan da inda kogin Mizuri ya zuba a cikinsa, kuma abin da baƙo ke fara hangowa shi ne ƙatuwar bakar ƙarfe mai tsawon mita 192 da aka kammala a 1965. Makarantar likitancin tana yamma da nan, a gefen babban lambun shaƙatawa na birnin, cikin cunkoson asibitoci da dogayen gine-gine. A nan Farfesa Jeffrey Gordon da ɗalibansa suka shafe shekaru da dama suna bin tambaya ɗaya: me ƙwayoyin da ke zaune a hanjin mutum suke yi masa? Ba 'yan kaɗan ba ne. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2016 ya ce jikin baligi na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, galibinsu a babban hanji. Ba cuta suke sawa ba. Su ne ke narka ɓangaren abinci da cikinmu bai iya narkawa, suna samar da wasu sinadarai, suna kuma horar da garkuwar jiki tun daga jarirantaka.

Kafin a bar ni in shiga sai da aka tambaye ni ko na kusanci wani ɓera ko zomo a kwanakin nan, aka ba ni riga da hula da rufin takalmi. Amma ainihin katangar ita ce ledar. Ma'aikaciyar da ta zagaya da ni ta ce in danna jikin tantin da yatsa. Na danna, ya lotsa, ya dawo. Iskar da ake turawa ciki sai ta bi ta matata mai tare ƙwayoyi, kuma ƙarfinta ya fi na iskar ɗakin, saboda ko da allura ta huda ledar, iska ta riƙa fita, kada ta waje ta shiga. Babu abin da ke shiga ta ƙofa kai tsaye. Abinci da ruwan sha da shimfiɗar keji, har takardar rubutu, sai an loda su a wata ganga ta ƙarfe, an saka a tukunyar tururi mai zafin digiri 121, sannan a haɗa bakin gangar da wata ƙaramar mashiga mai murfi biyu a jikin tantin. A feshe tsakanin da maganin kashe ƙwayoyi, a jira ya yi aikinsa, sai wanda ke sanye da safar ya buɗe murfin ciki ya jawo kayan. Na tsaya ina kallon wani matashi yana canza shimfiɗar keji, hannayensa cikin safar har kafaɗa, goshinsa kusan manne da ledar. Kafin ya fara sai da ya bi yatsun safar ɗaya bayan ɗaya yana duba ko akwai tsaga. Nan ne aka fi samun ɓaraka, domin ɓera na cizo. Huda ɗaya da ba a lura da ita ba ta isa ta mayar da aikin wata shida ɗanye. Shi ya sa a kai a kai ake ɗibar kashin ɓerayen a auna, a tabbatar babu baƙon da ya kutso.

Na tambayi yadda ake samun na farkon, tunda kowace dabba tana kwasar ƙwayoyi daga uwarta lokacin haihuwa. Tiyata ake yi wa uwar daf da haihuwa, a ciro mahaifar a rufe da 'ya'yan a ciki, a tsoma ta cikin ruwan magani a wuce da ita cikin tanti, a fito da jariran, a miƙa su ga wata uwa da ita ma a cikin leda ta tashi. Daga nan sai su ci gaba da hayayyafa a ciki. Dabarar ta daɗe. A 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi hasashen cewa dabba ba za ta rayu ba in babu ƙwayoyin nan. Shekara goma bayan haka, a Balin, George Nuttall da Hans Thierfelder suka raini ɗan ɓeran Masar na 'yan kwanaki ba tare da ƙwaya ba. James Reyniers na Jami'ar Notre Dame ne ya mayar da abin sana'a da manyan tankunan ƙarfe, sannan abokin aikinsa Philip Trexler ya fito da tantin leda a shekarun 1950, wanda ya sa kuɗin ya sauko har jami'o'i da yawa suka iya mallaka.

In ka kalli ɓeran ta cikin leda ba za ka ga bambanci ba. A ciki bambancin yake. Jakar da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babba takan kumbura ta ninka ta ɓeran gari sau da yawa. Garkuwar jikinsa ba ta nuna ba. Sai an ƙara masa bitamin K da wasu na rukunin B a abinci, saboda babu masu samar masa da su. Kuma ba ya tara kitse kamar ɗan'uwansa na waje duk da ya fi shi ci. A 2004 mutanen wannan ɗaki suka ɗauko ƙwayoyin hanjin ɓeran waje suka saka wa na cikin leda: cikin kwana 14 kitsen jikinsu ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, alhali abincin da suke ci raguwa ya yi.

Amfanin ɓeran ke nan: fili ne da babu kowa, kai ne za ka zaɓi wanda zai zauna. Ana ɗauko kashin mutum da aka adana a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, a dama shi a cikin wani akwati da babu iskar shaƙa, domin yawancin ƙwayoyin hanji iskar nan kashe su take yi, sannan a ɗura wa ɓera ɗigo kaɗan ta wani siririn bututu zuwa cikinsa. Yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara ta rufe ƙwarya, haka abin yake. Bayan 'yan kwanaki hanjin ɓeran ya cika da ƙwayoyin wancan mutum. In ɓeran da aka bai wa na mai ƙiba ya yi ƙiba, na siriri kuma bai yi ba, to an sami hujjar da ba za a iya samu daga kallon mutane kawai ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da na fi ɗauka daga wannan ziyara shi ne yawan lokacin da ake ɓatawa a kan takarda kafin a taɓa ɓera ko ɗaya, da kuma irin tambayoyin da ake yi, waɗanda mai kallo daga waje zai ɗauka ƙanana ne.

Ta farko ita ce wa zai zauna da wa. Ɓera yana cin kashinsa, yana cin na abokin kejinsa. Ɗabi'arsa ce, ba alamar yunwa ba. Saboda haka ɓeraye biyar da ke keji ɗaya, cikin ɗan lokaci ƙwayoyin hanjinsu sukan zama kusan iri ɗaya. Mai binciken da ya zuba duk ɓerayen da ya bai wa magani a keji ɗaya, waɗanda bai bai wa ba a wani kejin, in ya ga bambanci bai san ko na magani ne ko na keji ba. A lissafi ba ɓeraye goma yake da su ba, keji biyu yake da su. Dole a rarraba kowane rukuni a kejina da yawa, a kuma yi lissafin da keji. Mutanen nan sun mayar da wannan ɗabi'a makami. A binciken da suka fitar a 2013 sun samo tagwaye mata ƙafa huɗu, kowace ƙafa ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka saka wa ɓeraye ƙwayoyinsu. Masu ɗauke da na mai ƙiba suka fi tara kitse. Sai aka haɗa su keji ɗaya da masu ɗauke da na siririya. Ƙwayoyin siririyar suka mamaye hanjin abokan zamansu, ƙibar ta tsaya. Amma hakan ya faru ne a kan abinci mai yawan ganye da 'ya'yan itace da ƙarancin kitse. Da aka sauya zuwa mai maiƙo da ƙarancin ganye, mamayar ba ta yiwu ba.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan zafi. In ka ɗauko kashin mara lafiya ɗaya ka ɗura wa ɓeraye ashirin, shaidarka ta mutum ɗaya ce, ba ta ashirin ba. A 2020 Jens Walter da abokan aikinsa suka tattara bincike 38 da aka yi da ɓerayen da aka saka wa ƙwayoyin mutane, suka tarar 36 daga ciki sun ce cutar ta bi ƙwayoyin zuwa ɓera. Suka ce wannan nasara ta yi yawa a yarda da ita, suka kuma nuna cewa da yawa sun yi amfani da mutane ƙalilan ne suka ƙirga ɓeraye a madadinsu. Ina ganin sukar ta dace, kuma ta shafi kowa a wannan fanni, manya da ƙanana. Tanti na da tsada, kowane mai bayar da kashi yana bukatar nasa, don haka jarabar rage yawan mutane a ƙara yawan ɓeraye tana nan kullum.

Ga kuma asalin ɓeran. Ko waɗanda ba a leda suke ba, masu iri ɗaya da jini ɗaya, inda aka saye su yana sauya sakamako. A ɗakin binciken Dan Littman da ke Niyok an lura cewa ɓerayen da aka sayo daga kamfanin Taconic suna da wani nau'in ƙwayoyin garkuwa da yawa a hanjinsu, irinsu da aka sayo daga Jackson kuwa kusan babu. A 2009 aka gano dalili: wata bakteriya guda mai zare-zare da ke manne a bangon hanji, tana wajen waɗancan, babu ita a wajen waɗannan. Tun daga nan masu lura suke kwatanta ɓera da 'yan cikinsu ɗaya, waɗanda uwa ɗaya ta shayar, domin ƙwayoyin uwa suna bin 'ya'ya, kuma sau da yawa abin da aka ɗora wa gado, na shayarwa da zaman keji ne.

Abinci ma haka. Sent Luwis garin abincin dabbobi ne. A nan aka kafa kamfanin Purina a 1894, kuma sunansa ya daɗe a kan buhunan da ɗakunan bincike ke saye. Abincin buhu na hatsi da waken suya ne, mai yawan dusa, kuma abin da ke cikinsa na iya ɗan sauyawa daga wannan kaka zuwa waccan. Akwai kuma wanda ake haɗawa da tatattun sinadarai, wanda aka san ma'aunin komai amma ba shi da irin harzar da ƙwayoyi ke ci. Wanda ya ciyar da rukuni ɗaya da na buhu, ɗayan da tatacce mai kitse, ya ce kitse yake gwadawa, ya manta ya cire wa ƙwayoyin abincinsu. A Jami'ar Stanford an nuna a 2016 cewa in aka ci gaba da bai wa ɓeraye abinci maras harza, nau'o'in ƙwayoyinsu na raguwa daga uwa zuwa 'ya'ya zuwa jikoki, har ta kai mayar da harzar kaɗai ba ya dawo da waɗanda suka ɓace. Sauran abubuwan kuwa a takardar shiri duk sai an rubuta su: maza ne ko mata, shekarunsu, irin shimfiɗa, ruwan sha, zafin ɗaki, da lokacin da ake ɗibar kashi, tunda ƙwayoyin na sauyawa tsakanin dare da rana.

Abin da ya kawo ni nan tun farko shi ne tamowa. Wani likitan yara na wannan jami'a, Mark Manary, ya daɗe yana aiki a Malawi da abincin gyaɗa na ceton yara. Tare da shi aka bi tagwaye ƙafa 317 a shekarunsu uku na farko. Gida ɗaya, nono ɗaya, tukunya ɗaya, amma a kashi 43 cikin ɗari na tagwayen, ɗaya ya kamu da tamowa ɗayan ya tsira. Aka kawo kashin wasu daga cikinsu nan Sent Luwis. Ba a bai wa ɓerayen abincin buhu ba. An haɗa musu irin abin da yaran ke ci a ƙauyukansu, garin masara da miyar ganye, aka kashe ƙwayoyin da ke ciki, aka shigar musu. Ɓerayen da suka haɗa ƙwayoyin yaro mai tamowar kumburi da wannan abinci suka rame ƙwarai. Da aka ba su abincin gyaɗa suka farfaɗo, da aka mayar da su kan na da, gyaran bai ɗore ba. Duk uwar da ta taɓa dawowa da ɗanta cibiyar tamowa bayan an sallame shi ta san wannan labari ba sai an faɗa mata ba.

Daga nan aiki ya koma Bangaladash, tare da Tahmeed Ahmed da cibiyar binciken gudawa ta birnin Daka. A 2014 suka nuna cewa ƙwayoyin hanjin yaro suna girma mataki-mataki kamar shi kansa, kuma na mai tamowa sukan tsaya a baya da shekarunsa. Sai aka shiga gwada abincin da ake samu a kasuwannin Daka ɗaya bayan ɗaya a kan ɓerayen leda, daga baya a kan 'yan aladen da su ma aka raina babu ƙwaya, ana neman wanda zai ciyar da ƙwayoyin da suka yi ƙaranci. Aka tsaya a kan haɗin ɗanyar ayaba, garin gyaɗa, garin waken suya da na wani wake mai siffar gurjiya da ake ci sosai a can. A 2021 aka fitar da sakamakon gwaji a kan yara 123 'yan wata 12 zuwa 18 a unguwar Mirpur, waɗanda aka ciyar sau biyu a rana har wata uku. Waɗanda suka ci sabon haɗin sun fi ƙara nauyi a kan waɗanda suka ci abincin tallafi da aka saba bayarwa, duk da cewa sabon bai kai shi ƙarfin kuzari ba. Gwajin ƙarami ne, amma hanyar da aka bi ta burge ni: tambaya ta taso daga yara, ta bi ta kan ɓera, aka mayar da ita kan yara a gwada.

Ba wanda na ji a wurin yana cewa ɓera yaro ne. Tsarin cikinsa daban, kuma ba duk ƙwayoyin mutum ne ke yarda su zauna a hanjinsa ba. Wasu sukan ɓace, wasu su yi yawan da ba su yi a jikin mai su. Tsabtar ma kanta matsala ce. A 2016 masu bincike a Minesota suka nuna cewa garkuwar ɓeran ɗakin bincike ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, ta ɓeran kantin dabbobi da na jeji kuwa ta fi kusa da ta baligin mutum. Yanzu har akwai masu dasa ƙwan ɓeran ɗakin bincike a mahaifar ɓeran jeji domin 'ya'yan su gaji ƙwayoyin daji.

Tsayuwa gaban tantin kuma tana sa mutum tunanin haƙƙin dabbar. Mu da aka raine mu a kan cewa za a tambayi mutum abin da ya yi wa dabba, ba za mu wuce wannan ba. Yawancin ɓerayen nan za a kashe su a ƙarshen gwaji domin a duba hanjinsu. Babu gwajin da ake farawa sai kwamitin kula da dabbobi ya amince, bisa ƙa'idoji uku da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959: a nemi madadin dabba in akwai, a rage yawansu, a sassauta musu wahala. Ragewar ba ta nufin a yi da kaɗan ƙwarai. Gwajin da aka yi da ɓerayen da ba su kai a gane komai ba, ko aka cakuɗa keji da magani, ya kashe su ne a banza, kuma a wurina wannan ya fi nauyi.

Ko za a ɗauko haɗin Daka a kai Maraɗi ko Katsina? Akwai dalilin yin hattara. A 2013 wani gwaji a Malawi ya nuna cewa ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan abincin gyaɗa yana ƙara yawan yaran da ke warkewa daga tamowa mai tsanani, yana rage mutuwa. Da aka yi makamancinsa da amoksisilin a Madarunfa ta jihar Maraɗi, a kan yara sama da 2,000, sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna ƙarin warkewa ba, ko da yake an sami raguwar waɗanda sai an kwantar a asibiti. Yaran ba ɗaya ba ne, irin tamowar ba ɗaya ba, kulawar ma haka. A 2010 an kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso masu cin gero da dawa da wake da yaran birnin Fulorans na Italiya, aka tarar hanjin na Burkina cike da Prevotella da danginta masu narka harza, waɗanda kusan babu su a na Italiya. Yaron da aka yaye da kunun gero da fura da nono da miyar kuka da daddawa yana da nasa mazauna hanji, kuma abin da zai ciyar da su sai an nemo shi a kasuwar garinsu.

Wanda zai shirya irin wannan bincike daga wajenmu, tantin leda ne abu na ƙarshe da zai nema, domin ana iya haɗa gwiwa da masu shi. Abin da ba mai yi masa shi ne na farkon: yardar iyaye bayan an yi musu bayani da harshensu, da yarjejeniya a rubuce kan wanda ya mallaki samfurin da abin da zai fito daga cikinsa. Sai daskarar da kashin yaro cikin ɗan lokaci bayan ya yi, a ƙauyen da babu lantarki, da riƙe sanyin nan har a kai firizar da ba ta mutuwa. Sai rubuta abin da yaron ke ci da rani da wanda yake ci da bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da kowane maganin da aka saya masa a kemis, tunda kwana biyar na maganin kashe ƙwayoyi kan birkita hanji na makonni. Sai kuma yara masu yawa, masu lafiya da marasa lafiya daga unguwa ɗaya, kowanne da tantinsa, da buhun gero da wake da gyaɗar da iyayensu ke dafawa, wanda za a niƙa a haɗa wa ɓerayen.